Bayan Bakin Alƙalami Ya Bushe: Ƙofofin da Suka Rage wa Wanda Kotu Ta Ɗaure

Shari'o'in da suka ratsa kotunan Abuja, daga ta Farouk Lawan zuwa ta Orji Kalu, sun nuna cewa wa'adi da kundin shari'a ne ke tantance wanda za a saurara bayan an yanke masa hukunci.

A ranar 22 ga Yuni, 2021, Mai Shari'a Angela Otaluka ta Babbar Kotun Birnin Tarayya da ke Apo ta yanke wa Farouk Lawan, tsohon ɗan Majalisar Wakilai mai wakiltar Bagwai da Shanono a Jihar Kano, hukuncin ɗaurin shekara bakwai. An same shi da laifin neman cin hancin Dala miliyan 3 da karɓar Dala 500,000 daga hannun attajiri Femi Otedola a 2012, lokacin da yake shugabantar kwamitin binciken tallafin man fetur. A watan Fabrairun 2022 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke shi daga tuhuma biyu, ta bar ɗaya, ɗaurin ya koma shekara biyar. Kotun Ƙoli ta tabbatar da hakan a ranar 26 ga Janairu, 2024, kuma a watan Oktoba na wannan shekarar ya fito daga gidan gyaran hali na Kuje bayan ya kammala wa'adinsa.

Farouk Lawan ya taka matakan nan uku. Akasarin waɗanda ake ɗaurewa ba sa kaiwa nan. Wani wa'adin ɗaukaka ƙara ke ƙwace masa yana cikin ɗimuwa, wani kuɗin lauya ke ƙarewa, wani kuma ya koma kotu da buƙatar a sake duba lamarinsa, kotu ta ƙi. Tambayar da iyalan irin waɗannan mutane ke yi wa lauyoyi ita ce: idan kotu ta ƙi buƙatar da aka shigar bayan hukunci, sai kuma ina?

Tambayar ta shafi ma'aikacin gwamnatin tarayya kai tsaye. Sa hannunsa ne ke kan takardar biyan kuɗi, sunansa ne ke kan takardar bayar da kwangila, kuma idan EFCC ko ICPC ta shigo bincike, takardu take bi. Dokokin aikin gwamnati sun lissafa samun ma'aikaci da laifi a kotu cikin manyan laifukan da ke iya kaiwa ga kora. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ƙara da hana wanda aka ɗaure kan laifin rashin gaskiya tsayawa takarar majalisa ko ta gwamna ko ta shugaban ƙasa har sai shekara goma ta wuce. Saboda haka tabon hukunci yakan daɗe fiye da zaman gidan yarin kansa.

Wa'adi na fara tafiya tun ranar hukunci

Sashe na 240 na Kundin Tsarin Mulki ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara hurumin sauraron ƙorafi a kan hukuncin Babbar Kotun Tarayya da na Babbar Kotun Birnin Tarayya. Sashe na 241 ya ce hukuncin ƙarshe da irin waɗannan kotuna suka yanke a matakin farko ana ɗaukaka ƙara a kansa ba tare da neman izinin kowa ba. Sai dai wannan 'yanci yana da iyaka ta lokaci. Dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba wanda aka yanke wa hukunci a shari'ar laifi kwana 90 daga ranar hukuncin. Daga Kotun Ɗaukaka Ƙara zuwa Kotun Ƙoli kuwa kwana 30 ne kacal.

Kwana 90 kamar da yawa, amma ga iyalin da aka ɗaure maigidansu yakan wuce kamar ƙiftawar ido. Makonnin farko na tafiya ne wajen ziyarar Kuje da neman abin da za a sayar a biya sabon lauya. A nan akwai wani haƙƙi da mutane da dama ba su san da shi ba: sashe na 36(7) na Kundin Tsarin Mulki ya ba wanda aka yi wa shari'a, ko wakilinsa, damar karɓar kwafin hukuncin cikin kwana bakwai da kammala shari'ar. Da wannan kwafi ake tsara dalilan ɗaukaka ƙara, kuma a rajistar kotun da ta yanke hukuncin ake shigar da takardar sanarwar. Ana iya shigar da ita da dalili ɗaya ko biyu domin a riƙe wa'adi, daga baya a nemi izinin ƙara wasu idan kundin shari'a ya fito.

Akwai wata ƙa'ida da kan kayar da mutanen da aka gurfanar tare. A shari'ar laifi, kowane mutum da takardarsa. Kotun Ƙoli ta jaddada hakan a 2007 a shari'ar Ralph Uwazuruike da Antoni-Janar na Tarayya, inda ta ce takardar ɗaukaka ƙara ta haɗin gwiwa ba ta da inganci. Hadimin da aka ɗaure tare da ubangidansa, ya zauna yana jiran lauyoyin maigida su fitar da su gaba ɗaya, yana iya wayar gari ya tarar wa'adinsa ya shige.

Alƙali ba ya warware hukuncin da ya yanke

Abu na farko da kan zo wa iyali a rai shi ne a koma gaban alƙalin da ya yi shari'ar a roƙe shi ya sake dubawa. Doka ta toshe wannan hanya. Da zarar alƙali ya karanta hukunci, aikinsa a kan shari'ar ya ƙare. Yana iya gyara kuskuren rubutu ko na lissafi, amma ba shi da ikon sauya ra'ayi a kan laifi ko tsawon ɗauri. Haka nan alƙalin wata babbar kotu ba zai zauna a matsayin mai duba hukuncin takwaransa ba, ko da an shigar da ƙarar da sunan kare haƙƙin ɗan Adam, domin sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya halatta tsare mutum bisa hukuncin kotu.

Kafa ɗaya ce ta rage, wato idan shari'ar tun asalinta ɓatacciya ce, kamar a ce kotun ba ta da hurumi. Shari'ar tsohon Gwamnan Abiya, Orji Uzor Kalu, ita ce misalin da lauyoyi ke yawan kawowa. A ranar 5 ga Disamba, 2019, Mai Shari'a Mohammed Idris ya ɗaure shi shekara 12 a Babbar Kotun Tarayya da ke Legas kan almundahanar sama da Naira biliyan 7, ya kuma ɗaure Ude Udeogu, tsohon daraktan kuɗi na gidan gwamnatin jihar, shekara goma. A lokacin an riga an ɗaga Mai Shari'a Idris zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, ya dawo ne ya ƙarasa shari'ar bisa sashe na 396(7) na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015.

Udeogu ne ya ƙalubalanci wannan dawowa tun shari'ar na gudana, ya bi maganar har Kotun Ƙoli. A ranar 8 ga Mayu, 2020 kotun ta ce sashen ya saɓa wa Kundin Tsarin Mulki, wanda ya zama alƙalin Kotun Ɗaukaka Ƙara ba zai zauna a kujerar babbar kotu ba, ta soke shari'ar, ta ba da umarnin a sake ta. Duk da haka ƙofar Kuje ba ta buɗe wa Kalu a ranar ba, saboda ba shi ne mai ƙarar ba. Sai da ya shigar da tasa buƙatar a Babbar Kotun Tarayya, Mai Shari'a Mohammed Liman ya ba da umarnin sakinsa a ranar 2 ga Yuni, 2020.

Abin da ya biyo baya ya fi ɗaukar hankali ga ma'aikaci. A watan Satumban 2021 Mai Shari'a Inyang Ekwo na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya hana EFCC sake gurfanar da Kalu, bisa hujjar cewa umarnin sake shari'a da Kotun Ƙoli ta bayar Udeogu kaɗai ya ambata. Ma'aikacin da ya yi gumin ƙarar shi aka bari da sabuwar shari'a a gabansa.

Idan kotu ta ce a'a

Buƙatun da ake shigarwa bayan hukunci ba su wuce 'yan kaɗan ba: neman izinin ɗaukaka ƙara, neman ƙarin lokaci, neman beli kafin a saurari ƙara, neman gabatar da sabuwar shaida, da neman a soke hukunci saboda rashin hurumi. Kowacce daga cikinsu idan aka ƙi ta, ƙin kansa hukunci ne a ma'anar sashe na 318 na Kundin Tsarin Mulki, don haka ana iya kai ƙorafi a kansa gaba. Amma yanayin muhawarar ya sauya. Kotun sama ba za ta tambayi ko mutumin ya aikata laifin ba. Za ta tambayi ko kotun ƙasa ta bi ƙa'ida wajen ƙin buƙatar.

Matakin farko shi ne a karanta umarnin kotu da kyau. Idan kotu ta cire buƙata daga jerin shari'o'inta saboda naƙasu a takardu, ana iya gyarawa a sake shigar da ita a kotun. Idan kuwa ta kore ta bayan ta auna hujjojin ɓangarorin biyu, sai dai a nufi kotun sama. Lauyan da ya rikita waɗannan biyu yana iya ɓata wa wanda yake karewa watanni a hanyar da ba ta ɓullewa.

Idan izinin ɗaukaka ƙara aka nema a kotun ƙasa ta ƙi, doka ta ba da ƙarin kwana 15 daga ranar ƙin domin a sake neman izinin a kotun sama. Sabuwar buƙata ce ake shigarwa a can, kuma alƙalan sama za su dube ta da idonsu. Izini ya fi zama dole a matakin Kotun Ƙoli. Sashe na 233 ya buɗe ƙofa kai tsaye ga ƙorafin da ya tsaya a kan fassarar doka zalla, da na Kundin Tsarin Mulki, da hukuncin kisa. Ƙorafin da ya taɓa yadda aka auna shaida yana buƙatar izini, kuma dalilan ƙara masu yawa sun faɗi a Kotun Ƙoli saboda lauya ya ɗauke su a matsayin na doka zalla alhali sun gauraya da batun shaida.

Wanda wa'adi ya ƙwace masa dole ya gamsar da kotu a kan abubuwa biyu a lokaci guda. Na farko, ya bayyana a takardar rantsuwa ƙwaƙƙwaran dalilin da ya hana shi zuwa a kan lokaci. Na biyu, ya nuna dalilan ƙara waɗanda ko a kallon farko sun cancanci a saurare su. Ɗaya ba ya wadatarwa idan babu ɗayan. Idan ƙarar mai buƙatar izini ce kuma lokaci ya wuce, roƙo uku ake haɗawa a takarda ɗaya: ƙarin lokacin neman izini, izinin kansa, da ƙarin lokacin shigar da ƙarar. Barin ɗaya daga cikinsu ya isa a yi watsi da buƙatar. Takardar rantsuwa mai kyau takan bi kwanakin jinkirin ɗaya bayan ɗaya, da ranar da aka nemi kwafin hukunci, da ranar da aka samu, da takardar asibiti idan rashin lafiya ce hujja. Kotuna kan yi sassauci idan sakacin lauya ne, domin ba sa son ɗora wa mai ƙara laifin lauyansa, amma sai an nuna cewa shi mai ƙarar bai yi barci ba.

Ba da ƙarin lokaci ko beli abu ne da doka ta bar wa hangen alƙali. A nan wahalar take. Kotun sama ba ta rushe irin wannan hukunci don kawai da ita ce da ta yanke akasin haka. Sai an nuna cewa alƙalin ƙasa ya yi amfani da ƙa'idar da ba ita ba, ko ya kau da kai daga wata muhimmiyar hujja, ko ya dogara da abin da bai shafi batun ba.

Belin wanda aka riga aka ɗaure ya fi kowace buƙata wuyar samu. Kafin hukunci, doka na kallon mutum a matsayin marar laifi. Bayan hukunci wannan rigar ta cire, sai ya kawo dalili na musamman, kamar ciwon da gidan gyaran hali ba zai iya kula da shi ba, ko yiwuwar ya ƙare zaman ɗaurin kafin a saurari ƙararsa. Kalu, da yake sanata mai ci a lokacin, ya nemi irin wannan beli a watan Disamban 2019 aka hana shi.

Kundin shari'a shi ne filin daga

Kotun Ɗaukaka Ƙara ba ta kiran shaidu ta sake jin labari daga farko. Abin da ke gabanta shi ne kundin shari'a: tuhuma, bayanan shaidu, takardun da aka karɓa, da abin da alƙali ya rubuta. Abin da bai shiga kundin ba, a wurinta bai faru ba. Sabuwar shaida ba ta shiga sai an nuna cewa ba a iya samunta a lokacin shari'a duk da ƙoƙari, kuma abin gaskatawa ce, kuma tana iya sauya sakamako. Sabon batun da ba a tayar a ƙasa ba shi ma sai da izini, in ban da batun hurumi da ake iya tayarwa a kowane mataki.

Wannan ƙa'ida na da tasiri ga mai jin Hausa. Sashe na 36(6) ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin samun tafinta kyauta idan bai fahimci harshen kotu ba. Amma Kotun Ƙoli ta sha faɗin cewa wanda yake da lauya, bai yi ƙorafin rashin tafinta a lokacin shari'a ba, ba zai zo da maganar daga baya ba. Ihu ne bayan hari.

Waɗanda suka yi nasara sun yi ta ne da abin da ke rubuce. Olisa Metuh, tsohon kakakin jam'iyyar PDP, Mai Shari'a Okon Abang ya ɗaure shi shekara bakwai a Abuja a watan Fabrairun 2020 kan Naira miliyan 400 da suka fito daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A watan Disamba na shekarar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin, ta ba da umarnin sake shari'a, saboda kalaman da alƙalin ya rubuta a hukuncinsa sun nuna alamar son zuciya. Bode George, tsohon shugaban hukumar gudanarwar tashoshin jiragen ruwa, an ɗaure shi a Legas a watan Oktoban 2009, ya fito a Fabrairun 2011, sannan a Disamban 2013 Kotun Ƙoli ta wanke shi, domin rarraba kwangila da aka tuhume shi da ita ba laifi ba ne da wata rubutacciyar doka ta ayyana a lokacin. Sunansa ya wanku, amma watannin da ya shafe a kurkuku sun riga sun tafi.

Ba kowane kuskuren alƙali ne ke rushe hukunci ba. Doka ta ba kotun sama ikon korar ƙara ko da mai ƙarar ya yi gaskiya a kan wani batu, muddin kuskuren bai haifar da babban zalunci ba. Lauyoyin Farouk Lawan sun yi ƙorafin cewa ba a ba shi damar roƙon sassauci kafin yanke masa hukunci ba. Kotun Ƙoli ta ce rashin hakan bai ɓata hukuncin ba. Akwai kuma tsohuwar ƙa'idar nan cewa idan kotuna biyu na ƙasa suka yi ittifaƙi a kan abin da shaida ta tabbatar, Kotun Ƙoli ba ta taɓawa sai an nuna sun kauce ƙwarai.

Tsananin ƙa'idar kundi bai bar gwamnati ba. A watan Maris na 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara a Abuja ta yi watsi da ƙarar da gwamnatin tarayya ta ɗaukaka kan hana sake gurfanar da Kalu, ba tare da ta taɓa asalin maganar ba, saboda ba a haɗa kundin aka tabbatar da shi yadda doka ta tanada ba.

Masu gabatar da ƙara su ma suna ɗaukakawa

Wanda ya samu hukunci mai sauƙi kada ya saki jiki. John Yakubu Yusuf, tsohon mataimakin darakta a ofishin fanshon 'yan sanda, ya amsa laifinsa a Babbar Kotun Birnin Tarayya a watan Janairun 2013. Aka yanke masa ɗaurin shekara biyu ko tarar Naira 750,000 a shari'ar da ta shafi biliyoyin kuɗin fansho. Ya biya ya tafi gida. EFCC ta ɗaukaka ƙara, kuma a watan Maris na 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da hukuncin ɗaurin shekara shida da tarar Naira biliyan 22.9. Kotun Ƙoli ta tabbatar da hakan a 2022.

Sanata Peter Nwaoboshi ya ga fuskoki uku na shari'a ɗaya: Babbar Kotun Tarayya ta wanke shi a 2021, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ɗaure shi shekara bakwai a 2022, Kotun Ƙoli ta sake shi a 2023. Haka nan mai ƙorafi a kan tsawon ɗauri ya san cewa kotun sama na da ikon ragewa da ikon ƙarawa. Lauya nagari yakan zauna da iyali ya auna wannan tukuna, kada garin neman gira a rasa ido.

Tashar ƙarshe

Sashe na 235 ya ce babu wata hukuma ko mutum da za a kai wa ƙarar hukuncin Kotun Ƙoli. Kotun na iya soke hukuncinta a yanayi ƙalilan, kamar idan an same shi ta hanyar yaudara ko ba ta da hurumi tun farko, amma ba ta maraba da masu neman ta sake nazari don ba su ji daɗin sakamako ba. A watan Fabrairun 2020, a shari'ar zaɓen gwamnan Bayelsa, ta ci manyan lauyoyi biyu tarar Naira miliyan 30 kowannensu saboda irin wannan buƙata. Marigayi Mai Shari'a Chukwudifu Oputa ya bayyana dalilin tun a 1989: ba don alƙalan kotun ba sa kuskure ne maganarsu ta zama ta ƙarshe ba, kasancewarta ta ƙarshe ce ta sa ake ɗaukarta marar kuskure. Kotun ECOWAS da ke nan Abuja ita ma ta sha nanata cewa ba ta zama kotun ɗaukaka ƙara a kan hukuncin kotunan ƙasashe.

Abin da ya rage shi ne afuwa. Sashe na 175 ya ba shugaban ƙasa ikon yafewa ko sassautawa ga laifukan da dokar Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta tanada, bayan ya tuntuɓi Majalisar Magabata ta Ƙasa. Tsofaffin gwamnoni Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba sun bi kotuna har ƙarshe, ɗaurinsu ya tsaya a shekara goma da shekara 12. A watan Afrilun 2022 aka sanya su cikin waɗanda aka yi wa afuwa, suka fito daga Kuje a watan Agusta. Afuwa alfarma ce ta mai mulki. Babu wanda zai kai ƙara don an hana shi ita, kuma ba ta nufin alƙali ya yi kuskure.

Yadda wasu ƙasashe suka tsara nasu

Amurka ta ware wa wannan mataki doka ta musamman. Tun 1948 fursunan da kotun tarayya ta ɗaure yana iya komawa kotun da ta yanke masa hukunci, ƙarƙashin sashe na 2255, ya ce an tauye masa haƙƙin da tsarin mulki ya ba shi, misali lauyansa bai kare shi yadda ya kamata ba. Wata doka ta 1996 ta taƙaita damar zuwa shekara ɗaya. Idan aka ƙi buƙatar, yana da kwana 60 ya ɗaukaka ƙara, amma ba za a saurare shi ba sai alƙali ya ba shi takardar shaidar cewa ƙorafin nasa ya cancanci a duba. Buƙata ta biyu kuma ba ta shiga sai da amincewar kotun ɗaukaka ƙara.

Ingila ta bi wata hanya. Bayan da aka gano an ɗaure wasu mutane bisa kuskure shekaru masu yawa, ciki har da mutum shida na Birmingham da aka saki a 1991, sai aka kafa hukuma mai zaman kanta da ta fara aiki a 1997. Tana binciken shari'o'in da aka rufe, tana mayar da masu alamar zalunci gaban kotu. Duk da haka ƙofar ba a wangale take ba: a 2018 kotun ɗaukaka ƙara a Landan ta ƙi buƙatar tsohon Gwamnan Delta, James Ibori, na ƙalubalantar hukuncin ɗaurin shekara 13 da aka yanke masa a 2012 bayan ya amsa laifi.

Najeriya ba ta da irin dokar Amurka, ba ta kuma da irin hukumar Ingila. Wanda gaskiyarsa ta bayyana bayan Kotun Ƙoli ta yi magana, afuwa kaɗai ta rage masa.

Ƙaramin ma'aikaci fa?

Sunayen da aka ambata a sama na masu hali ne, waɗanda manyan lauyoyi ke tsaya musu. Akawun da ke mataki na takwas, ko direba, ko hadimin da aka yi amfani da asusunsa na banki, yana fuskantar wa'adi iri ɗaya da ƙa'idoji iri ɗaya ba tare da wannan gata ba. Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976 kuma take aiki da dokar 2011, an yi ta ne domin irinsu, kuma hedikwatarta na Abuja. Ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa da wasu ƙungiyoyin sa-kai su ma suna da lauyoyin da ke karɓar shari'a kyauta. Ƙa'idojin kotu sun yarda wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa a takardar ɗaukaka ƙara a gaban shaida.

Tarihin shari'a a ƙasar nan ya nuna nauyin wannan takarda guda. A 1981 aka zartar wa Nasiru Bello hukuncin kisa a Jihar Oyo alhali ƙarar da ya ɗaukaka tana jiran saurare. A 1986 Kotun Ƙoli ta ce gwamnatin jihar ta keta doka, ta ba iyalinsa diyya. Tun daga nan ya tabbata cewa ƙarar da aka shigar bisa ƙa'ida tana ɗaure hannun hukuma a hukuncin kisa har sai kotu ta gama magana.

Lauyoyin da ke zirga-zirga tsakanin titin Shehu Shagari da Kuje sun san cewa ana shirya ɗaukaka ƙara ne tun shari'a na gudana. Duk ƙorafi a sa alƙali ya rubuta shi. Duk takardar ofis da ke nuna wanda ya ba da umarni a gabatar da ita a matakin farko, domin daga baya da wuya a karɓe ta. Wanda aka gurfanar tare da ubangidansa ya nemi lauyan kansa, saboda abin da zai fitar da maigida ba lallai ne ya fitar da shi ba. Ranar da aka karanta hukunci kuma, kafin a tashi daga harabar kotu, wani daga cikin iyali ya rubuta kwanan watan, ya ƙirga kwana 90, ya shigar da takardar neman kwafin hukunci a rajista.